Yadda Za Ka Ƙara Wa Babur Ɗin Ƙanƙara Fitila Har Garke Ya Watse

Fitilar da na haɗa wa babur ɗina na ƙanƙara ta watsa garken bareyin kiwo da ƙauyenmu, can ƙuryar arewacin duniya, ya yi kwana da kwanaki yana tarawa. Don haka ba wanda ya fi ni cancantar koya maka aikin nan. Sunana Sammol. Ban daɗe a makaranta ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Ka bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari fitilarka za ta kama, sunanka kuma ba zai sake fita daga bakin mutane ba.

Mataki na 1: Samo mai tsokanarka

Ƙanin matarka ya isa. Nawa Heaika ne. A tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke daina fitowa kwata-kwata a ƙasarmu, zai faka kusa da kai da sabuwar fitilarsa, ya leƙa taka ya ce, "Mijin yaya, fitila ce wannan, ko kyandir ɗin coci ka aro?" Kada ka tanka. Namiji da aljihunsa yake ramawa.

Mataki na 2: Sayi wadda ta fi tasa tsawo

Ka tafi garin Ivalo ka ɗauko farar fitilar LED mai kama da sanda. A cikin kwalin za ka tarar da takardar bayani, da makunninta, da fiyus, da wani ɗan baƙin akwati wai shi rile. Tarkacen matsorata ne. Ka watsa su bayan murhu.

Mataki na 3: Nemo waya mafi kusa

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa za ka fafe naka ana gobe za a ware garke. Batir yana can ƙasa, sai an kwance rabin babur. Wa ke da wannan lokacin? Dubi hannun dama. Totur da babban yatsa ake danna shi, kuma akwai 'yar wayar da ke ɗumama shi don kada yatsan ya daskare. Wuta ai wuta ce. Fere ta da wuƙar fiɗa, murɗa wayar fitila a kai, naɗe da salatif. In fiyus ɗin babur ya ƙone, ragwanta ce tasa. Sa babba.

Mataki na 4: Kare aikinka a gaban iyali

Matarka za ta fito da kofi ta tsaya tana kallo. Tawa, Ravdna, cewa ta yi, "Baban Elle, ya na ga in ka kunna ɗumin yatsa fitila na kamawa, in ka kashe fitila ɗumi ya tafi?"

"Maɓalli ɗaya, aiki biyu," na ce. "Masu kamfanin ma ba su kai nan ba."

"Uhm," in ji ta.

Ka ɗauki wannan uhm ɗin a matsayin yabo.

Mataki na 5: Gwada ta inda kowa zai gani

Ranar ware garke ake koro bareyin ƙauye duka cikin shinge, kowa ya duba tsagar kunne ya fitar da nasa, motar masu sayen nama na jira. Cinikin shekara ke nan. Tsoho Piera, shugaban makiyaya, dokarsa ɗaya ce: in an doshi bakin shinge kowa ya kashe fitila, don barewa in ta tsorata ba ta shawara.

Za a ajiye ka a gefen ƙofa, kana fuskantar garke. Za ka kashe fitila. Sanyi zai fara cin yatsanka kamar ɓera. Garke na tahowa a hankali, ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin kofato. Hannunka, wanda ya shekara ashirin yana kunna ɗumin nan ba tare da neman izininka ba, zai danna maɓallin.

Hasken zai sauka a fuskar uwar garke. Fitila ce mai kyau, har gashin idonta za ka gani kafin ta juya. Sauran za su bi ta daji.

Mataki na 6: Karɓi gaisuwa

Piera ba ya faɗa. Zai tako a hankali ya ce, "Sammol ɗana, mu muna jiran rana sai wata mai kamawa, ashe kai ka riga ka ɗauko mana ita." Heaika zai kife a kan babur ɗinsa don dariya. Motar nama za ta juya ba ko ƙashi.

Mataki na 7: Nuna kai ɗan zuciya ne

Rantse a gaban kowa ba za ka sake taɓa maɓallin ba sai barewa ta ƙarshe ta shiga shinge. Heaika zai zaro wuƙa ya ce, "Haba mijin yaya, kawo in datse wayar fitilar kawai, ɗuminka ya dawo."

"Ka taɓa aikina, in taɓa haƙoranka."

Sai ka bi daji kana danna totur mai sanyin ƙarfe har a sake tara garken. Yatsan zai yi ciwo, ya yi ciwo, sannan ya daina. Ni da ya daina, cewa na yi ya warke.

Mataki na 8: Miƙa hannu

Likita a Ivalo zai duba yatsan, ya dube ka, ya cire rabinsa na sama. Ba ya tambayar ra'ayinka.

Hattara

Duk abin da ya same ka a kan shawarar nan, ba ruwana, ba ruwan Ravdna, ba ruwan barewa. In ka nace sai ka kawo ƙorafi, nemana ba wuya. Guntun yatsa ba ya danna totur, don haka Ravdna ke tuƙa babur ɗin yanzu. Ashe ta tsince tarkacen bayan murhu, Heaika ya haɗa mata fitilar tun daga batir, tana haska mata hanya tar, yatsanta da ɗumi. Ni kuwa duba amalanken da take ja a baya, tsakanin butar kofi da kare. Karen ne a kan buzu.