Ɗaya-Ɗaya Aka Ce, Na Kai Jaka Guda

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik ba, ko da kuwa na so in manta, domin wanda abin ya faru a gidansa bai gaji da ba da labarin ba har yau. Lokacin ina zaune a Guangzhou, ina saya wa 'yan kasuwar Kano kaya ina tura musu. Gwauro ne ni, ba mata ba ɗa, amma in ka ji ina ba da fatawa a kan tarbiyyar yara sai ka rantse na aurar da goma.

Ina da wani aboki, Bulus, mutumin Kafanchan, mai aikin kago, wato jigilar kaya, a wajen filin jirgin Baiyun. Shi ya tsince ni ranar da na fara sauka ƙasar, ina tsaye da jaka ina kallon rubutun Sinanci ina ta salati. Ya ji Hausa a bakina, ya kama hannuna, bai sake ni ba sai da na san hanyar kasuwa da ta masallaci. Gidansa yana can Panyu, inda haya take da sauƙi. Yana da mata, muna ce mata Maman Luka, da yara biyu, Luka da ƙanwarsa Saratu. Yaran Kawu suke ce mini, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

A shekarar ne samun biza ya yi wuya. Kafin a fara wasannin Bulus ya tafi gida sabunta tasa, yana cewa sati biyu ya dawo, sai abin ya ƙi. Wasanni suka zo suka wuce, sanyi ya shigo, Bulus yana Kafanchan yana ta zarya, aikinsa ya tsaya cak. Da zai tafi ya ce mini in riƙa leƙa masa iyali. Gaskiyar magana kuwa su suka riƙa leƙa ni. Da azumi ya zo Maman Luka ta sa ni gaba sai na riƙa zuwa buɗa-baki a gidanta, ita da ba azumin take yi ba, ta dama kunu ta soya ƙosai, yara suna leƙen taga suna gaya mini rana ta faɗi tun ba ta faɗi ba. Mutanen nan sun yi mini rana, kuma abin yana raina ina neman inda zan sauke shi.

Da Kirsimeti ya matso sai na ce ga dama ta samu. Na buga mata waya na tambaye ta kyauta guda nawa ake ba yaro a irin wannan rana, don ni ban taɓa yi ba. Ta yi godiya, sannan ta ce, “Kawu, ɗaya-ɗaya. Ƙaramin abu. Don Allah kada ka wuce haka.”

Na ce to. Na kashe waya ina murmushi, wai ni na gano ta.

Ku yi mini adalci, ni a Kano na tashi. A gidanmu in baƙo ya ce ya ƙoshi, ƙara masa tuwo ake yi. In za ka je gaisuwa aka ce maka kada ka wahalar da kanka, kai kuma ka ɗauka da gaske ka je hannu rabbana, za a yi shekara ana ba da labarinka. Saboda haka da na ji “ɗaya-ɗaya” sai na ce wannan kara ce kawai irin ta matan kirki, kuma aikin mai hankali ne ya ninka. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko matar nan ta taɓa yi mini maganar da ba ita take nufi ba. (Ba ta taɓa ba. Macen da ta taɓa ce mini rigata tana warin kasuwa in je in sake, a gaban mijinta.)

Na shiga kasuwar kayan wasan yara ta Liwan da niyyar biyu-biyu. A shagon farko na nuna wata mota mai jiniya na ce a ba ni ɗaya. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce “meyo”, wato babu, su a katan suke sayarwa. Na ce masa “lawban”, wato maigida, sampul nake so, in ya yi kyau kwantena zan ɗauka. (Allah ya yafe mini, ni da kwantena ko a mafarki.) Nan take fuskarsa ta saki, ya ba ni motar, ya ƙara mini da bindiga mai walƙiya wai in gwada. Na ga dabara ta ci, na yi ta bin shaguna da ita.

Daga nan lissafi ya ƙwace mini. In na sayi na Luka sai in ga ya fi na Saratu girma, in ƙara mata 'yar tsana mai waƙa. Sai kuma in ga nata sun fi yawa, in ƙara masa jirgi. Kamar mai shan garin kwaki, ya ƙara ruwa ya ga ya yi tsululu, ya ƙara gari ya ga ya yi kauri, har kwano ya cika. Da na fito daga kasuwar ban san adadinsu ba, na dai san sai da na sayi ƙatuwar jakar gana-masgo, kuma zif ɗinta da ƙyar ya rufu. Har batir na sa wa kowanne da hannuna, don kada yara su sha wahalar jira.

Ranar Kirsimeti da la'asar, bayan sun dawo daga coci, na sha babbar riga na ja jakata zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk tsayawar da jirgi zai yi sai 'yar tsanar nan ta rera waƙar Sinanci daga cikin jaka, tsofaffi suna kallona, ni kuwa ina basarwa. A raina ina ta hango yadda Bulus zai ji labari ya ce lalle ya bar amana a hannun ɗan halak.

Maman Luka ta buɗe ƙofa, ta dubi jakar, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Kawu, ai ɗaya na ce.”

Na yi dariya na ce, “Haba Maman Luka, ai mun san irin wannan ɗayan.”

Ta buɗe baki za ta ce in bar jakar a bayan ƙofa tukuna, amma ina, hannuna ya riga ya kai kan zif. Na zazzage kayan a tsakiyar falo kamar mai baje koli. Yara suka yi kansu. Kafin ka ce kwabo falon ya koma tashar mota: jiniya tana kuka, bindiga tana ƙara, jirgi yana karo da ƙafar kujera, 'yar tsana tana waƙarta. Na zauna na harɗe ina jin kaina wani babban mutum.

Sai a lokacin na lura da tebur. An share shi tas, an ɗora kwamfuta a kai an juyo da ita tana kallon falo, ga wasu ƙananan ƙunshi biyu a gabanta, an naɗe su da takardar siminti an ɗaure da zare. Ina shirin tambaya kenan kwamfutar ta yi ƙara, sai ga fuskar Bulus. Daga wani shagon intanet na Kafanchan yake kira, can safiya ce, ana jin janareta a bayansa. Ya rame, amma ya sha aski ya sa rigar coci.

Ashe shiri ne suka daɗe suna yi. Bulus da ba ya aiki ya kai atamfa wajen tela aka ɗinka wa yaran kayan Kirsimeti, ya bi wani ɗan kasuwa mai tahowa ya roƙe shi ya kawo. Uwar kuma ta zaunar da yara tun tuni ta gaya musu bana abu ɗaya kowa zai samu, daga Baba, kuma a gabansa za a buɗe. Ni an bar mini gurbin ƙaramin abu ne a gefe, don kada in ji an ware ni. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bulus ya yi ta kiran sunayensu. Da ƙyar uwar ta janyo su gaban kwamfuta, kowa hannunsa cike. Suka gaishe shi a tsaitsaye, Luka yana tura motar a fuskar kyamara yana cewa Baba ya ga abin da Kawu ya kawo. Bulus ya ce ya gani, ta yi kyau, su buɗe nasa. Luka ya yage takarda, ya ɗaga riga da wando, ya juya su gaba da baya, ya ajiye a hannun kujera. Saratu kuwa ta daɗe tana laluba tata rigar, sannan ta ɗago ta tambayi ubanta da zuciya ɗaya:

“Baba, ina ake danna ta?”

Fuskar Bulus ta tsaya cak a kan allo, na shiga addu'a Allah ya sa layi ne ya yanke. Sai na ga ya ƙifta ido.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma duk wannan lokacin jiniyar motar nan ba ta daina kuka ba. Na fizge ta ina neman inda ake kashewa, na danna nan ta ƙara ƙarfi, na danna can ta kunna fitila. Da na rasa yadda zan yi sai na cusa ta cikin babbar rigata na danne da hannu biyu. Ga ni nan zaune, ƙato da gemu, jiniya tana fitowa daga cikina, shuɗiyar wuta tana walƙiya ta cikin shadda, aminina yana kallona daga Kafanchan.

Maman Luka ce ta cece ni. Ta shiga kicin ta ɗauko kwano, ta miƙo hannu na ba ta motar ba tare da na ɗago kai ba. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana cire batir tana jefawa a kwano, har falon ya yi tsit. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce wa yara su shiga ɗaki su sa kayan Babansu su fito ya gani.

Da suka fito sai ga wandon Luka ya tsaya a ƙwauri, hannun rigar Saratu bai kai inda ya kamata ba. Awon da ya san su da shi kafin ya tafi, shi Bulus ya ba tela. Ya matso da fuskarsa jikin kyamara ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, “Haka kuka girma ban sani ba?” Uwar ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Luka ya dubi ƙafarsa, ya dubi ubansa, ya ce ai haka ake yayi yanzu, kuma da shi zai je coci ranar Lahadi. Saratu ta yi ta juyi tana nuna masa bayan rigar. Na ji tausayi ya kama ni, na ji kuma haushin kaina, don saura ƙiris in hana mutumin nan wannan ɗan lokacin da shi kaɗai ya rage masa a shekarar.

Can sai ya ce a ba shi Kawu. Na matsa gaban kwamfuta ina haɗa kalmomin ban haƙuri. Ya ɗaga mini hannu ya ce, “Mutumina, leƙa su na ce ka riƙa yi, ban ce ka gaje ni ba. Da raina fa.” Ya fashe da dariya har mai shagon ya leƙo, sannan ya yi mini godiyar da ta fi zagi zafi, domin har zuciyarsa yake yi. Ya ce ya san abin da ya sa na yi, kuma ba zai manta ba. Yana cikin magana lokacinsa ya ƙare, allo ya ɗauke.

Na miƙe zan sulale, Maman Luka ta ce ba inda za ni sai na ci abinci. Shinkafa ce da kaza, kuma sai da ta tsallaka gari ta je wajen mahautan Musulmi ta sayo kazar, saboda ni kaɗai. Na ci ina sunkuyar da kai. Da muka gama ta ce kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya a cikin tulin. Sauran ta mayar cikin jaka ta ce za ta kai coci, akwai yaran da su ma biza ta riƙe iyayensu a gida, kuma su ko ɗinkin ba a aiko musu ba. Ta ce za ta ce daga wani Kawu ne. Na roƙe ta kada ta faɗi wane Kawun.

Bulus ya samu biza daga baya ya dawo, kuma har yau muna tare, na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka iya yafe wa mai alheri wautarsa. Abin da na koya dai shi ne, ba kowace magana ce kara ba. In uwa ta ce maka ɗaya, ta riga ta auna abin da kai ba ka gani daga bakin ƙofa. Yanzu in za ni gidan mutane da kyautar yara sai na tambaya, in aka ce ɗaya in sayi ɗaya, mara jiniya. Sannan in na isa, kafin in buɗe komai, sai na tambaya ko an riga an buɗe na Babansu.