Ranar da Na Ce Talaka Duk Ɗaya Ne

Ba zan taɓa mantawa da wani hutu da na yi a ƙauye kusa da Malumfashi ba, can ƙarshen shekarun saba'in. Ina aji biyu a jami'a, na haddace cewa duniya gida biyu ce kawai: masu mallaka da masu wahala. (Har gemu na tara saboda wannan ilimi, duk da gashin bai fi a ƙirga ba.)

Jami'a ta tura mu ɗalibai jin matsalolin manoman auduga. Kwana uku ina bin gida-gida da takarda. A rana ta huɗu mai unguwa ya tara mini jama'a a gindin ɗorawa, na miƙe na ce talaka duk ɗaya ne, ciwonsa ɗaya, maganinsa ɗaya. Maza na gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙara buɗe murya.

Sai wata dattijuwa daga bayan taro ta ce, "Ɗana, in yi tambaya?" Iya Saratu ce, Kirista, mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Tanko maƙwabcina talaka ne, amma in taki ya zo ana rubuta sunansa, don namiji ne. Matarsa mace ce kamata, amma a masallaci ake shelar rabo, shi zai ji ya kawo gida. Ni ga talauci, ga ni mace, ba miji, ba na jin shelar. Wanne zan sauke in huta?"

Na ce, "Ai Iya, a ilmance..."

"Dakata. Sau biyu ka zo ƙofata. Ka ce ina maigida, na ce ya rasu, ka yi mini ta'aziyya ka wuce. Audugar da ka tsaya kana yabo jiya, ka rubuta ta Tanko ce, ni na shuka ta."

Tanko ya sosa ƙeya. "Gaskiya ne, Malam. Na ga kana rubutu da sauri, na ji nauyin gyara maka."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Na duba takardata, babu sunan mace ko ɗaya.

Washegari na je na zauna a tabarmarta. Amsoshinta ba su da gurbi a tambayoyina, sai a bayan takarda na rubuta.

Daga baya masana sun raɗa wa maganarta dogon suna, na kuma yi shekaru ina koyar da shi, ban taɓa faɗarsa sarai kamar ita ba. Yanzu in na ga kowa ya yarda da bayanina nan take, sai in sake duba takardata. Na san akwai wadda ban tambaya ba.