Fijon da Ta Yi Huɗa a Madadi

Tsohuwar Fijon da na gada wajen mahaifina na sa aka yi wa fenti ruwan madara, aka ɗinke kujerunta da jar fata, aka ɗora mata sabon inji. Bakanikena a Gwarzo, Oga Bulus, ya ce, "Alhaji, saura birki fa."

Na ce, "Wa ka taɓa ji an yaba wa birkinsa? Sai wani satin."

Ranar Juma'a na ɗauki Baba surukina zuwa garinsu Madadi, don ya san 'yarsa ba ta yi zaɓen tumun dare ba. Ina ba motar wuta tana gurnani, sai ga garken shanu a kwana. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa, shiru. Baba ya damƙe gwiwata yana kalmar shahada, ni kuwa salati ya ɓace mini, "Wayyo Inna!" kawai nake yi. Na murɗe sitiyari muka afka gonar mutane, muna tsaga ƙasa har laka ta riƙe mu.

Baba ya ƙarasa gida a ƙafa.

Har yau, da ruwan fari ya sauka sai ya aiko: a tambayi Alhaji ranar da motar ba ta da aiki, gonarsa na jiran huɗa.