Ranar da Na Ɗauko wa Ɗiyata Mai Ruƙiyya

Ni ban yi boko ba, amma na sha bugun ƙirji cewa ba abin da zai gilma a gidana ban gane shi ba. To, ran nan na dawo daga kasuwa a gajiye, sai na ji ɗiyata Rabi a ɗaki tana waya, murya ƙasa-ƙasa: "Na shiga ta Ƙofar Kwaya, ina fitowa sai ga ni a zamanin da ake ginin ganuwa. Har na ga kakan kakana yana kwaɓa ƙasa."

Mutumin da ni ko kabarinsa ban sani ba! Na ce shi ke nan, aljanu sun shige ta. Ban tambayi kowa ba, tunda ni ne mai ganewa. Nan take na hau babur na ɗauko Malam Sani mai ruƙiyya, maƙwabta suka biyo mu har tsakar gida.

Malam ya zaunar da ita ya daka tsawa: "Kai wane ne a jikinta?"

Ta dube ni. "Baba, mi ke faruwa? Labari fa nike rubutawa, na yarinyar da ta koma zamanin da. Ƙawata nike karanta mawa."

Na ce, "To, ta dai dawo lafiya?"

Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Uwar Rabi kuwa sai da ta dafa bango don dariya.

Har yau in na zauna a majalisa sai wani ya ce, "Baban Rabi, in za ta sake komawa, ta riƙo mana gero a farashin wancan zamani."