Layin da Ban Ja Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Birmingham in koya wa yaran zamani hankali, na dawo unguwarmu Longsight a Manchester da aikina na shekara biyu a cikin leda.

'Yata Hadiza ce ta jawo. Kamfanin da take wa aikin kwamfuta ya shirya taron tuna tsofaffin na'urori, sai ta ce, "Baba, ka zo ka yi mana ɗan talk mana, kai ka ga zamanin." Na amsa da sauri, don na daɗe ina cike da haushinsu. Mutum ya zauna da kofin shayi yana shafa gilashi da yatsa, wai shi ma injiniya ne. Mu da muka zo karatu Manchester, kwamfuta ɗaya ce ta cika ɗaki guda, tana gurnani, sanyin ɗakin har cikin ƙashi. Kowane layin umarni da katinsa. Ka huda shi da inji, ka jera ɗaruruwa a kwali, ka miƙa ta taga, ka dawo washegari a ce waƙafi ɗaya ya ɓata komai. Wallahi har yau ina kewar ɗakin nan.

Na ɗauki kwalin katunan aikin digirina, wanda ko matata ban yarda ta goge masa ƙura ba. Shi kaɗai ya rage min daga wancan zamani.

Ina fara magana wani saurayi ya kira injinmu dinosaur, wato ƙatuwar dabbar da ta ƙare tun zamanin da, aka kwashe da dariya. Nan raina ya ɓaci. Na ajiye takardar da na rubuto, na hau su da faɗa.

Na ce, "Ku ba ku san tsari ba. A zamaninmu duk mai hankali yana jan layi a karkace a saman jerin katunansa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. In sun zube, layin zai nuna maka gurbin kowane kati. Wanda bai ja ba jaki ne, bai cancanci shiga ɗakin kwamfuta ba." (Da Turanci na faɗi jakin nan, har da buga tebur, kowa ya ji.)

Sai na ɗaga kwalin sama in nuna musu. Gindin kwalin da ya haura shekara arba'in ya ɓalle, katuna suka watse har ƙarƙashin kujeru.

Wata budurwa ta durƙusa ta tattaro kamar hamsin, ta jujjuya su, ta tambaye ni cikin ladabi ina layin yake. Ladabin nan ne ya fi ƙona min rai.

Babu layi. A tsaye a wurin na tuna: ina ɗalibi, raina masu jan layin nake yi, ina cewa ni hannuna ba ya rawa. Da tsufa ya zo, sai na ɗauki kirkin wasu na yafa wa kaina.

Hadiza ta raɗa min, "Baba, bari kawai, I'll sort it." Na ƙi. A jirgin ƙasa na zagi kwalin, na zagi saurayin, har Hadiza sai da na ji haushinta. Sati uku ina rarrafe a falo da tabarau, ban jera ko rabi ba, sai matata ta ce, "Alhaji, ko ka kira Hadiza, ko in sa tsintsiya."

Ta zo ta shimfiɗa su, ta ɗauki hotunansu da wayar da nake zagi, wayar ta nuna mata gurbin kowane kati, kafin la'asar ta jera min su tsaf. Alƙalami mai kauri kawai ta miƙo min. Na ja layin, hannuna na rawa.

Yanzu kafin in kira wani jaki, sai na fara leƙa nawa kwalin.