Tankar Yaƙina da Kaskon Gawayi

Ana gab da miƙa wa farar hula mulki, na sayi 'yar tankar yaƙi ta roba. Sati uku ina mata fenti, ina goga mata toka da jar ƙasar Dutse Uku, wai ta yi kamar ta sha yaƙi. Har na cika wa Kawu Sale baki, tsohon soja, cewa sai ya sara mata.

Sanyin damina ya hana fentin bushewa. Ni sarkin dabara, sai na ajiye ta jikin kaskon gawayi na tafi masallaci.

Na dawo na tarar da Kawu tsugune a kanta, bakin igwar ya langaɓe kamar dafaffiyar kuɓewa.

"Ta sha yaƙi kam, ɗana," in ji shi, "amma ita aka ci."

Har yau ko gaisuwar mutuwa na shiga, sai wani ya raɗa, "Janar Kasko ya iso."