Ranar Da Na Yi Kukan Jirgi A Kasuwar Tudun Wada

Wani irin sauti ne, rabinsa guɗa rabinsa kukan ɗan akuyar da aka taka wa wutsiya, yana fitowa daga sifikar wata bas da ta ɗauko mu daga Tiga. Ba zan taɓa mantawa da shi ba ko da zan manta hanyar gidanmu, don kuwa daga maƙogwarona ya fito. Ina zaune a kujerar baya, an matse ni tsakanin wata mata mai kwandon busasshen kifi da wani dattijo mai jan carbi, bakina a rufe gam, amma ga muryata can gaba tana yi wa mutane cike da mota "wuuu-lululu-firrr".

Bari in faɗi yadda aka yi muryata ta riga ni shiga mota.

Lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, aka tura ni koyarwa wata firamare a Tiga. Ni mutum ce mai son shiru, in zauna in zuba wa ruwa ido in yi ta saƙe-saƙe. (Innata kan ce da ana ɗaukar ma'aikatan kallon sama da tuni na zama shugabarsu.) Maƙwabtana ma'aikatan ruwa ne, suna da bidiyo, a ɗakinsu na fara ganin finafinan nan na masu yawo tsakanin taurari. Rabin Turancin wuce ni yake yi, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai: me ya sa kullum jirgin sai a ƙasar Turawa yake sauka? Me Tiga ta rasa?

Sai na zauna na rubuta nawa, na sa masa suna Masu Roƙon Ruwa. Wasu mutane ne daga wata duniya da ruwanta ya ƙafe, suka zo a jirgi mai kama da faifai suka sauka a bakin dam ɗin Tiga, suka tarar da Ladiyo, wata 'yar Fulani mai tallan nono. Ba yaƙi ya kawo su ba, roƙo suka zo yi, kuma kunya ta hana su faɗi. A ƙarshe Ladiyo ta wanke ƙwaryarta ta ɗebo musu, suka tsaya suna kallon yadda sama take rawa a cikin ruwan, suka kasa sha. Ina rubuta wurin nan ina hawaye. A raina na gama yanke cewa wata rana za a buga shi, da sunana a jikin bango, ƙasa kaɗan da hoton farin wata.

Ina da Gwaggo a Ɗansoshiya, yayar babana, mai son labari kamar me, ga shi ba ta karanta boko. Da na je hutu garinmu Ƙofa sai na ari rakodar ƙanena, na kulle kaina a ɗaki, na karanta mata labarin kaf a kaset. Ban faɗi sunana ba, ai Gwaggo ta san muryata. Da na zo wurin saukar jirgi na ga karatu kawai ba zai wadatar ba, sai na toshe hanci kamar mai guɗa, na kaɗa leɓe da yatsa, na saki abin da kuka ji a sama. Ina tsaka da haka Inna ta ƙwala kira daga tsakar gida: "Ke yarinyar nan! Wannan kukan na mene ne? Taso ki kwashe tuwo!" (Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunana. Da tana kamawa, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.) Ban goge ba. Na ce ai Gwaggo ce kaɗai za ta ji, na aika mata a haka.

To ga ni yau a bas, bayan 'yan watanni, direba yana ƙara murya.

"Ku saurara, ku saurara," in ji shi, "yanzu uwar za ta shigo!"

Wallahi motar nan gaba ɗaya, har da yaron mota da ke maƙale a ƙofa, suka haɗa baki da Innata: "Taso ki kwashe tuwo!" Aka kwashe da dariya. Direba ya mayar da kaset baya don a sake ji.

Dattijon da ke gefena ya gyara zama ya ce, "Ku bar dariya, abin nan fa ya faru. Akwai wani masunci ɗan'uwan matata, da idonsa ya ga faifan."

"Aljanu ne, Baba," in ji mai kifi. "Ita ma mai ba da labarin ai ka ji ba ita kaɗai ba ce. Mutum da hankalinsa ba zai yi wannan kukan ba."

Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na tambaya da 'yar ƙaramar murya, "Malam direba, ina ka samo kaset ɗin nan?"

"Wajen Ɗan'asabe mai kaset, a Tudun Wada. Aljanun Dam ke nan, Hajiya. Ba ki taɓa ji ba? Ai an bar ki a baya."

Aljanun Dam! Kunyar da nake ji nan take ta koma wuta. Mutanena masu ladabi, masu ƙishirwa, da suka ratso taurari don ƙwarya ɗaya, su ne aljanu? An ɗauki labarina, an sake masa suna, ana sayarwa a tasha, ni kuma da na haife shi ana ce mini an bar ni a baya!

A daidai kwanakin ana wata muhawara a rediyo kan dokar haƙƙin mallaka. Wani lauya yana cewa kwafar aikin mutum ba da izininsa ba sata ce, littafi ne, waƙa ce, har da abin da ake zubawa a cikin kwamfuta (wadda a lokacin ban taɓa gani ba sai a hoto), 'yan kasuwar kaset kuma suna ta kare kansu. Da can in an fara shirin, juya tasha nake yi. Yanzu kuwa na zama ɗalibarsa ta gaban aji. Na haddace kalmomin lauyan, na tsaya gaban madubi ina maimaitawa, ina ɗaga yatsa. Abu ɗaya nake so, ba na neman ko sisi: a sa sunana a kan abina, a mayar masa da sunansa.

Ranar kasuwar Tudun Wada na ɗaura atamfata ta zuwa taro, na sa takalmi mai tsini, na tafi. Rumfar Ɗan'asabe ba ta da wuyar ganewa: batirin mota a ƙasa, rakoda mai baki biyu a kan tebur, ƙatuwar sifika a rataye jikin bishiya, kasa-kasai jere kamar bulo. Shi kuma wani siriri ne mai haƙorin Makka, yana cin gyaɗa.

"Hajiya barka da zuwa. Wa'azi ko na biki?"

"Ba saye na zo ba," na ce. "Na zo ne a kan haƙƙin mallakata." Na zazzage masa duk abin da na haddace, har da kwamfutar. Kafin in dire, masu sayen tumatir da masu gyaran keke sun fara matsowa.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce, "Malama, ni ban saci komai ba. Duk wanda ya kawo kaset a kwafa masa, muna ajiye ɗaya. Haka sana'ar take. Tafsiri ne, kiɗan suna ne, muna ajiyewa. Wannan wata tsohuwa ce daga Ɗansoshiya ta kawo, ta ce a yi wa 'yarta da ke aure a Doguwa. Na ce Iya zan ajiye ɗaya, ta ce ajiye goma ma, Allah ya sa duniya ta ji."

Gwaggo! Amma na dake.

"Ba ta da ikon ba ka. Ni na rubuta, ni na karanta, muryata ce."

"To fa." Ya juya ya kalli jama'a yana murmushi. "Malama, ba ke ce ta farko da ta zo ta ce muryarta ce ba. Kwanaki wata ta zo daga Kiru, har da rantsuwa. Kuma ki yi haƙuri, ta cikin kaset muryarta sanyi gare ta kamar ruwan randa. Taki kuwa tun da kika zo kamar ana karanta sammaci."

Aka yi dariya. (Littafin da na rubuta labarin a ciki yana can Tiga a ƙasan akwati. Na zo da doka cike da baki, ban zo da shaida ko ɗaya ba.)

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Yi mana kukan jirgin. In ke ce, yanzun nan zan rubuta sunanki a kan kowane kaset, jama'a shaida ne."

"Ƙwarai, ta yi!" in ji wata mai ƙosai. "Ta Kirun ma a nan ta faɗi."

Mai hankali a nan zai juya ya tafi. Na san haka, ƙafafuna ma sun sani. Amma na tuna bangon littafina da hoton wata, na tuna wata can a Kiru tana rantsuwa a kan Ladiyona. Na ɗan toshe hanci na yi wani guntun "wulu" kamar mai neman gafara.

"A'a!" jama'a suka ɗauka. "Ba ita ba ce! Wannan ai jirgin ba mai!"

Ba ita ba ce? Ni? Wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ajiye jaka a kan teburinsa, na gyara mayafi, na runtse ido, na kama hanci da hannun hagu, na sa yatsan dama a leɓe, na saki jirgin nan gaba ɗayansa. Na taso da shi daga can nesa, na kewaya da shi saman dam, na karkato shi, na sauke shi a hankali har da ɗan "tsss" na ƙarshe da ko a kaset ban yi ba.

Kasuwa ta yi tsit. Sai wata tsohuwa daga rumfar daddawa ta amsa da guɗa ta gaske, kamar an kawo amarya. Daga nan wuri ya kece. Masu tafi na yi, masu riƙe ciki na yi, wasu samari suka haɗa baki: "Taso ki kwashe tuwo!"

Na buɗe ido. Wanda na fara gani, a sahun gaba, rungume da ɗaurin rake, hedimastanmu ne. Mutumin da ko a makon nan ya gaya wa sauran malamai su yi koyi da natsuwata. Ya dube ni, ya dubi sifika, ya sake dubana, ya ce a hankali, "Malama, ashe ke ce. Sannu da sauka."

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na ja ta na rufe.

Ɗan'asabe dai ya cika alkawari, ban hana shi wannan ba. Ya ɗauko biro, na faɗa masa sunana da na babana harafi-harafi, hawaye na ɗiga a kan tebur, yana rubutawa yana cewa, "Allah ya ƙara basira, Malama." Sunan labarin kuwa ya ce ba zai taɓu ba, Aljanun Dam mutane suke tambaya, in ya sake suna sai ya yi kwantai.

Kafin Litinin labari ya riga ni isa Tiga. Ina shiga aji, daga can baya sai in ji "wululu" ƙasa-ƙasa, in juyo in ga kowa ya duƙufa a kan littafi kamar waliyyi. Masunta in na wuce bakin ruwa sai su ce, "Malama, yau baƙinki ba su zo ba?" Na je Ɗansoshiya na kai ƙarar Gwaggo wurin Gwaggo, ta ce, "Yo ke da kika yi abu mai daɗi, so kike in ji ni kaɗai in mutu da shi? Zauna ki ci ɗanwake." Har yau ina ganin an zalunce ni, kuma har yau ban sami wanda ya yarda ba.

Abin da na koya dai shi ne, in za ki je ƙwatar haƙƙinki, ki tafi da shaidar da za a iya ajiyewa a kan tebur, ba wadda sai kin toshe hanci ba.

Na ɗauka a nan maganar ta ƙare. Sai bayan shekaru, na yi aure har da 'ya'ya, na je suna Doguwa. Ana gabatar da ni, wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Ke ce mai Aljanun Dam? Wallahi na uku ya fi daɗi, inda Ladiyo ta auri direban jirgin ta buɗe rumfar fura a duniyar wata!" Na ce wane na uku? Ta shiga ɗaki ta fito da kasa-kasai riƙi guda, ci gaban labarin da ban taɓa rubutawa ba, wata ƙanwar Ɗan'asabe ce take karantawa da murya kamar ta mai tallan magani. A jikin kowanne ga sunana da na babana, harafi-harafi, ba kuskure ko ɗaya. Aka saka mini ɗaya. Da aka zo wurin saukar jirgi sai muryar ta ɗauke, tawa ta shigo, cikakkiya, har da "tsss" ɗin ƙarshe, ana jiyo hayaniyar kasuwa a bayanta. Ashe ranar nan, lokacin da na runtse ido, Ɗan'asabe ya danna jan maɓallin ɗaukar murya.